Girman Baka Ba Shi Ne Nisan Kibiya Ba

Ƙannena samari da 'yan mata, musamman ku masu ƙaiƙayin hannu, waɗanda ba sa wuce guntun katako ko ƙarfe a yashe sai sun ɗauka sun jujjuya sun ga me zai iya zama, da ku nake yau. Akwai wani tunani da ke ziyartar duk mai son ƙira tun yana sabon shiga: tunda ƙaramin abu ya yi aiki, babbansa zai ninka aikin. Tunani ne mai daɗin ji, amma ya cinye dukiya da lokacin mutane da yawa, har da manyan masu basira. Zan warware muku shi ta hanyar baka da kibiya, domin a jikin baka komai a fili yake. Itace ne da tsirkiya, babu wani inji da zai rufe muku inda lissafi ya karkace.

A ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Leonardo da Vinci yake yi wa mai mulkin birnin Milan na Italiya hidima, ya zana wani ƙaton baka mai ƙota da kunama, wanda faɗinsa daga wannan baki zuwa wancan ya kai kimanin mita 24. Ya ɗora shi a kan ƙafafun keke shida, ya kuma zana mutum ɗaya tsaye a wajen kunamar, ɗan mitsitsi kusa da abin. Zanen yana nan har gobe, mutane na kallonsa suna jinjina kai. Ba a ƙera shi a zamanin mai zanen ba. Tambayar da ya kamata mai hankali ya yi ita ce: da an ƙera shi, shin harbinsa zai ninka na bakan hannu gwargwadon yadda girmansa ya ninka? Ku ɗauko takarda da biro mu lissafa tare.

Mu ɗauki bakan itace mai tsawon mita 2. Maharbi yana jan tsirkiyarsa santimita 75, kuma idan ya kai ƙarshen ja, yatsunsa na riƙe da nauyin kilo 25. Kibiyarsa giram 30 ce, tana fita da gudun kamar mita 50 a sakan ɗaya. To, mu ninka komai sau biyu da irin itacen nan dai: tsawo, faɗi, kauri, har da kibiyar. Bakan ya zama mita 4, tazarar ja ta zama mita ɗaya da rabi. Nauyin ja fa? Ba kilo 50 ba ne, kilo 100 ne, domin faɗi ya ninka, kauri ma ya ninka, biyu sau biyu huɗu. Ƙarfin da ke taruwa a jikin baka kuwa nauyin ja ne haɗe da nisan da aka ja shi, saboda haka huɗu sau biyu, ya ninka takwas.

A nan ne mai gaggawa yake tashi da murna. Ku dakata tukuna. Nauyin itacen bakan shi ma ya ninka takwas, tunda tsawo da faɗi da kauri duk sun ninka. Kibiyar da take giram 30 ta koma giram 240. Ƙarfi ya ninka takwas, kayan da zai tura sun ninka takwas, gudu yana nan inda yake, mita 50 a sakan. Ribar da aka samu guda biyu ce: kibiyar za ta sauka da dukan da ya ninka na da sau takwas, kuma iska ba za ta rage mata gudu kamar ƙaramar ba, don haka za ta ɗan ƙara nisa kaɗan. Ban da wannan babu. Girma nauyi yake sayo muku, ba ya sayo sauri. Dalili kuwa shi ne kowane kilo na itace yana da iyakar ƙarfin da zai iya riƙewa kafin ya tsage, kuma wannan iyaka ta irin itacen ce. Ko ka tara masa tan guda, kowane kilo nasa kawai zai ɗauka.

Na san wani a cikinku zai ce, to a ɗana wa babban bakan ƙaramar kibiya mana. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Paul Klopsteg, ya yi bayanin wannan tun a 1943. Idan aka saki tsirkiya, ba kibiya kaɗai ke tafiya ba. Hannuwan bakan biyu suna zabura gaba, tsirkiya ma haka, kuma kowannensu yana cin rabonsa daga ƙarfin da aka tara, tamkar akwai wani ɓoyayyen nauyi da ke rakiyar kibiyar. Mu ƙaddara wannan ɓoyayyen nauyi giram 10 ne a ƙaramin bakanmu. Kibiya mai giram 30 za ta tafi da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin. A babban bakan ɓoyayyen nauyin ya zama giram 80, sai kibiya mai giram 30 ta tashi da abin da bai fi kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗoriya ba. Gudunta zai ƙaru, amma ba zai ko ninka biyu ba, alhali an kashe ƙarfi ninki takwas. Sauran ƙarfin bai ɓace ba. Yana komawa jikin bakan ne ya girgiza shi, ya tsinka tsirkiya ko ya fasa itace. Ita kanta siririyar kibiyar tana iya lanƙwashewa ta karye tun ba ta bar baka ba.

Sai kuma iyakar jikin ɗan Adam, wadda masu zane a takarda suka fi mantawa da ita. Hannun babban mutum yana jan tsirkiya santimita 70 zuwa 80 ne, ba ya wuce nan da yawa komai ƙarfinsa. A shekarar 1545 wani jirgin ruwan yaƙi na Sarki Henri na Takwas na Ingila, mai suna Mary Rose, ya nitse kusa da gaɓar Fotsmot. An ɗago shi a 1982, kuma kayan da aka tsamo daga cikinsa sun haɗa da bakunkuna 137 cikakku da kibau sama da 3,500. Tsawon bakunkunan daga mita 1.87 zuwa 2.11 ne, an kuma ƙiyasta nauyin jansu daga kimanin kilo 45 har zuwa sama da 80. Ƙasusuwan kafaɗun wasu daga cikin mutanen jirgin sun nuna alamun wahalar ja tun suna yara. Mutanen da suka girma da baka a hannu ke nan, a ƙasar da tun 1363 sarki ya umarci maza su riƙa koyon harbi a ranakun hutu. Duk da haka ba su kai bakansu mita 3 ba. Sun tsaya inda hannu da kafaɗa suka tsaya.

Yanzu ku gwada wannan lissafi a kan zanen Leonardo. Mita 24 ya ninka mita 2 sau 12. Nauyin ja zai ninka sau 144, wato kilo 25 ya zama kilo 3,600. Nauyin itacen zai ninka sau 1,728, bakan da bai fi giram 600 ba ya haura tan ɗaya. Ga kuma wata sabuwar matsala da ƙaramin baka bai santa ba: duk lokacin da ma'auni ya ninka biyu, nauyi yana ninka takwas, ƙarfin ɗaukarsa kuwa huɗu kawai, don haka ƙaton abu yakan fara gajiya da ɗaukar kansa tun ba a ɗora masa aiki ba. Galileo ne ya fara shimfiɗa wannan ƙa'ida a littafinsa na 1638. Abin da ya buɗe zancen da shi ma aikin maƙeran jiragen ruwa ne na birnin Benis, waɗanda suke ƙara wa babban jirgi madogarai fiye da ƙarami idan za su tura shi ruwa, don kada ya karye da nauyin kansa. Ma'aikata sun san abin a hannu kafin malami ya rubuta shi.

Kada ku karɓi maganata haka kawai, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku samo rula biyu na katako iri ɗaya. Ku danne ɗaya a gefen tebur, santimita 10 na leƙe a waje, ku rataya mata ɗan ƙaramin nauyi a baki, ku auna yadda ta sunkuya. Ku fito da ita zuwa santimita 20, ku mayar da nauyin nan dai. Za ku ga sunkuyon ya ninka wajen sau takwas, ba sau biyu ba. Daga nan ku jera rula biyun gefe da gefe su ɗauki nauyin tare, taurinsu ya ninka biyu. Ku ɗora ɗaya kan ɗaya ba tare da gam ba, har yanzu biyu ne, don suna zamewa a tsakaninsu. Amma ku manne su da gam su zama abu ɗaya mai kauri biyu, ku bari ya bushe: taurin zai ninka takwas. Katakon bai ƙaru ba, yadda aka haɗa shi ne ya canza.

Wannan shi ya sa gwanin sassaƙa baka ba ya sauri. Ku tsaya kusa da shi ku gani. Ba ya taɓa bayan bakan, ɓangaren da ke fuskantar abin hari, domin nan ne itace ke miƙewa, kuma ƙaramin yanka a wurin shi ne mafarin tsagewa. Ta ciki yake kankara, da bakin wuƙa a tsaye, abin da ke zuba kamar gari ne. Ya kankara kaɗan, ya rataye bakan a bango, ya ja tsirkiya da igiya daga nesa, ya ƙanƙance ido yana duban lanƙwasar. Inda ya ga ya yi tauri ya sa alama da gawayi ya koma. Inda ya ga ya fi lanƙwasa ya bar shi sam. Ya san idan ya rage kashi 10 cikin 100 na kauri, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na taurin ya tafi, kuma abin da wuƙa ta ɗebe ba ya komawa. Tsawo ma yana da nasa hukunci. Itace ba ya jure miƙewar da ta wuce kamar kashi ɗaya cikin 100, shi ya sa bakan itace zalla yake buƙatar tsawon da ya ɗan haura ninki biyu na tazarar ja, don lanƙwasar ta rarrabu. Bakan Japanawa na gora da itace ya haura mita 2, mariƙinsa kuma ba a tsakiya yake ba, yana can ƙasa wajen kashi ɗaya cikin uku. Tsawon nan ba ado ba ne, abin da kayan aikin suka nema ke nan.

To idan girma ba ya kawo nisa, me ke kawo shi? Ku dubi Turkawan daular Usmaniyya. Bakansu na gasar nisa bai fi mita ɗaya da ɗan kai ba. Siririn itace ne a tsakiya, ƙaho manne ta ciki, jijiyar dabba shimfiɗe ta baya. Ƙaho yana jure matsi, jijiya tana jure miƙewa, kowannensu ninkin abin da itace zai jure sau da dama. Saboda haka hannuwan bakan gajeru ne marasa nauyi, ga ƙarfi mai yawa a cikinsu. Haɗa guda ɗaya yakan ci shekara ko fiye, yawancinta jiran gam ya bushe. Da irin wannan baka, da kibiya siririya da ba ta kai giram 20 ba, Sarkin Musulmi Salim na Uku ya yi harbin da aka rubuta nisansa kimanin mita 889 a 1798. A filin harbi na Istanbul har ginshiƙan dutse ake kafawa inda kibiyar gwani ta faɗi. Ku kwatanta da dogon bakan Ingila: kwaikwayon na Mary Rose da aka gwada a zamaninmu ya kai kibiya mita 250 zuwa 330, gwargwadon nauyinta. A 1901 kuma wani Bature, Ralph Payne-Gallwey, ya harba tsohon bakan ƙarfe mai kunama wanda nauyin jansa ya haura kilo 500, sai da keken naɗe igiya ake ɗana shi. Kibiyar ta yi kimanin mita 400, ba ta kai rabin ta Salim ba. Hannuwan ƙarfe nauyi gare su, tazarar jan kuma ba ta kai santimita 20 ba.

Kada wannan ya sa ku raina bakan Ingila. Ba don gasar nisa aka yi shi ba, an yi shi ne don ya kai kibiya mai nauyi jikin mai sulke, kuma ya yi wannan aiki a fagage irin su Ajinkot a 1415. Maharban ƙasarmu su kuma wata hanya suka bi. Bakansu matsakaici ne, kibiyar ƙyauro ce mai kan ƙarfe da ƙunne, ba ta da gashi, ƙarfinta yana cikin dafin kwankwani da aka shafa mata. A Tabkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu Usmanu ba su da dawaki sai 'yan kaɗan, 'yan baka ne suka tare barade masu lifidi na Sarkin Gobir Yunfa. Kowace al'umma ta fara da tambayar me take so kibiyar ta yi, sannan ta zaɓi girman baka. Nasihata ta farko ke nan: kafin ku yanke shawarar girman abu, ku faɗa wa kanku aikinsa a jimla ɗaya. In kun kasa, ba ku shirya yankan katako ba.

Ta biyu: idan aiki ya nemi girma da gaske, ku canza tsari, kada ku tsaya kumbura tsohon. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, mai mulkin birnin Sirakus, Diyonisiyas, ya tara maƙera don su samar masa da sababbin makamai, daga nan aka fara jin labarin manyan bakunkuna na yaƙin ganuwa. An yi ta ƙara musu girma har suka kai inda ƙaho da itace suka gaza. Sai Girkawa suka ajiye lanƙwasa gaba ɗaya. Suka murɗa damin igiyoyin jijiya ko na gashi guda biyu a cikin firam, suka cusa sanda mai tauri a kowanne, ƙarfin ya koma taruwa a murɗin igiya. Sinawan daular Song kuwa, maimakon baka ɗaya ƙato, sai suka haɗa biyu ko uku a kan gado ɗaya suna jan tsirkiya tare, kamar yadda littafinsu na dabarun yaƙi na 1044 ya nuna. Kibiyar irin wannan gado ce ta kashe babban kwamandan rundunar daular Liyawo a 1004, abin da ya gaggauta sulhu tsakanin daulolin biyu. A zamanin kusa, wani mutumin jihar Mizuri ta Amurka, Holless Allen, ya gajarta hannuwan baka ya sa musu ƙananan kuraye a baki, ya sami lasisin ƙirarsa a 1969. Jikokin wannan baka suna fitar da kibiya da gudun da ya kai mita 90 zuwa 100 a sakan, alhali sun fi bakan Ingila gajarta nesa ba kusa ba. Maginanmu na gargajiya sun san wannan hikima: azara ba ta ɗaukar rufin da ya wuce kamar mita 2, kuma da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tashi gina Masallacin Juma'a na Zariya bai tafi neman giginyar da ta fi kowace tsawo ba, ɗaure gajerun azaru ya yi suna hawa kan juna har suka haɗu a sama.

Ta uku: ku auna, ku rubuta. Wani masanin ƙira mai suna Filon, mutumin Bizantiya, ya ba da labarin cewa maƙeran farko sukan yi injin harbi biyu iri ɗaya, ɗaya ya yi nisa, ɗaya ya kunyata su, ba su san dalili ba. Maƙeran Iskandariya ta Masar, da tallafin sarakunansu, suka yi ta gwaji suna ƙara wannan suna rage wancan, har suka gano ma'auni ɗaya da komai ke rataye a kansa: faɗin ramin da damin igiya ke shiga. Daga shi ake fitar da awon kowane ɓangare. Suka kuma gano cewa idan kana son ninka nauyin dutsen da za ka jefa sau biyu, ramin kashi 26 cikin 100 kawai zai ƙaru. Sai dutsen ya ninka takwas ramin zai ninka biyu. Ba su da kwamfuta, ba su da kalkuleta. Haƙurin gwaji suke da shi da al'adar rubuta sakamako. Ku kuna da waya a aljihu da za ta yi muku lissafin cikin ƙiftawar ido, abin da ya rage muku shi ne littafin rubutu da tef ɗin awo. Ku fara da ƙarami. Ku canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya karye kada ku jefar da shi sai kun duba ta ina ya fara tsagewa, don ya fi wanda bai karye ba koyarwa.

Ta huɗu ta shafi rai da lafiya, kuma ba ta da sassauci. Baka makami ne, ko na wasa. Tunda ƙarfin da ke taruwa yana ninka takwas duk lokacin da girma ya ninka biyu, haɗarin fashewa ma haka yake ninkawa. Ƙaramin baka in ya karye ya ƙuje hannu, babba in ya karye ya cire ido ko ya fasa kai. Sabon baka da igiya ake fara jansa daga nesa, kaɗan-kaɗan, ba a kusa da fuska ba. Ba a sakin tsirkiya babu kibiya. Ba a gwaji a cikin unguwa, ko inda yara da dabbobi ke gilmawa, ko inda ba a ganin abin da ke bayan abin hari. Ku nemi tsohon maharbi ku zauna gabansa da ladabi. Ba lallai ya san sunan Galileo ba, amma ya san lokacin saran itace, da tsawon lokacin da za a bar shi ya bushe a inuwa, da ƙarar da yake yi kafin ya tsage.

Ba don in mayar da ku maharba na kawo wannan duka ba. Gobe wani a cikinku tankin ruwa zai ɗora a kan ƙarfe, wata za ta zana gada, wani zai faɗaɗa injin da ya ƙera ko sana'ar da ya fara. A kowane ɗayansu akwai abin da ke ninka biyu, da mai ninka huɗu, da mai ninka takwas, da wanda ba ya motsawa ko kaɗan, kamar tsawon hannun mutum. Wanda ya iya rarrabe su kafin ya kashe kuɗinsa shi ake kira gwani. Ba na hana ku babban buri, ƙasar nan tana buƙatar masu shi. Abin da nake roƙonku shi ne duk lokacin da zuciya ta ce a ƙara girma, ku tambaye ta abu uku: me zai ƙaru da shi, me zai tsaya yadda yake, kuma wane ɓangare ne zai fara gazawa. In kun sami amsar ukun a rubuce, ku ɗauki zarto da bismillah. Allah ya yi wa hannuwanku albarka, ya kare ku daga sharrin abin da kuka ƙera.